Sunan da Umma Ta Kira a Tsakiyar Teku

Al Rigga, Dubai.

Zuwa ga kakata, Hajiya Ummi Kulsum,

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da duk mutanen gidan Yakasai. Yaya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi, ya ja kwananki cikin albarka. Yaya kuma ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Yaya Hafiz, ya haskaka kabarinsa. Mu ma muna nan, alhamdulillahi. Abba yana zuwa ofis a Port Saeed kamar kullum, ni ma mun koma makaranta. Hajiya Bilƙis mai sarin kaya a Naif ce za ta dawo Kano, shi ne na roƙe ta ta miƙa miki wannan hannu da hannu. Don Allah Kawu Sanda ya karanta miki, ku biyu kawai. Na kasa faɗa a waya, domin gidan namu ƙarami ne, Umma tana jin komai, ni kuma kin san nauyin bakina.

Hajiya, maganar Umma ce. Ranar da Yaya Hafiz ya rasu ina kusa da ita lokacin da kika kira. Na ji kin ce ta daure, ɗan fari ne, kada a ga hawayenta a gaban mutane. Ta kuwa bi maganarki. Matan da suka zo ta'aziyya har yabon ta suka riƙa yi, wai ba su taɓa ganin mai kara irinta ba. Da ma tun yana raye ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai dai ta ce mini yayanki, ko ta ce wancan yaron. To amma tun daga ranar Umma ba ta ci abinci kamar mutum ba. Takan zuba a faranti ta juya cokali, in na kau da kai ta rufe. Zoben hannunta ya fara zamewa. Tana goge jallabiyoyinsa ta jera, ta kwashe, ta sake gogewa. Likita ya auna ta bai ga komai ba, ya ce a riƙa fitar da ita tana shan iska.

Ni na kawo shawarar mu je kallon manyan kifayen teku, irin wanda ya haɗiye Annabi Yunusa. Larabawa suna ce masa hut, a makaranta kuwa wel muke cewa. Yaya Hafiz yana son su ƙwarai, kuma ya yi mini alkawarin za mu je tare in ya sami sauƙi. Shi ya koya mini cewa ba kifaye ba ne na gaskiya, don iska suke shaƙa kamar mu, kuma uwa tana shayar da ɗanta nono. Ya nuna mini hoton mai doro, wanda yake da dogayen fukafukai kuma yana waƙa a ƙarƙashin ruwa. Ya nuna mini mai ƙaton kai, da yake nutsewa can ƙasa ya daɗe bai fito ba, da shuɗin nan da babu dabbar da ta kai shi girma. Amma wanda ya fi so wani siriri ne da ake kira Bryde, mai layi uku a bisa kai. Yakan ce wannan ɗan'uwanki ne, Hajiya, don tsagarsa irin ta kumatunki ce, wai in ya ga ɗaya zai gaishe shi a madadinki.

Wata ran Asabar Abba ya tuƙa mu zuwa gaɓar Fujairah, muka shiga jirgin ruwa tare da wasu Turawa da Indiyawa. Matuƙin wani dattijon Balarabe ne. Tun a bakin ruwa ya gaya mana ba kullum ake ganinsu ba, sai wanda Allah ya nufa. Umma ta zauna a gefe ta ja mayafi, ko ruwan ba ta kalla ba. Muka yi nisa har duwatsun gaɓa suka dushe, ba mu ga komai ba sai tsuntsaye. Can sai wata Baturiya ta yi ihu tana nuni, muka ga feshin ruwa ya tashi sama kamar hayaƙi. Da muka matsa, baƙin baya ya ɓullo, ya fi jirginmu tsawo, na kuma ga layukan nan uku da idona. Har na juya zan gaya wa Yaya, sai na tuna.

Mutane suna ta murna da ɗaukar hoto, amma matuƙin ya kashe inji, fuskarsa ta canja. Ashe uwa ce da ɗanta, kuma ɗan ya sarƙe a cikin wata tsohuwar komar masunta da aka yar a teku. Igiya ta naɗe masa wutsiya ta ci cikin nama, nauyin komar yana jan sa ƙasa. Duk sanda ya nutse, sai uwar ta shiga ƙarƙashinsa ta turo shi sama da kanta don ya shaƙi iska. Matuƙin ya kira masu ceto, ya kuma hana kowa shiga ruwa, ya ce duka ɗaya da wutsiyar uwar zai kashe mutum. Muka tsaya muna jira. Feshin ɗan yana ta raguwa, yana raguwa, har ya zama ba ya fita. Dattijon ya cire hularsa ya ce khalas, wato shi ke nan, ya mutu. Amma Hajiya, uwar ba ta bari ba. Ta ci gaba da turo gawar sama, ta zame, ta sake turowa, a gaban kowa, ba ta damu da mu ba.

Ban san lokacin da Umma ta taso ba. Na dai gan ta a kusa da ni ta riƙe ƙarfen jirgin, mayafinta ya faɗo kafaɗa. Sai ta kira sunan Yaya. Cikakken sunansa ta kira, da ƙarfi, kamar mai kiran yaro ya shigo gida. Kuka ya ƙwace mata, irin wanda ban taɓa jin mutum ya yi ba. Abba ya sunkuyar da kai yana salati. Turawan suka sauke wayoyinsu. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, daɗi na ji, na zaci ciwon ya fashe ke nan, za ta warke.

Ba haka aka yi ba. Kafin mu kai gaɓa ta share fuska ta gyara mayafi. Da muka dawo gida ta kira ni ɗaki, ta ce ta zubar da mutuncinta a gaban baƙi da gaban Abba, kuma kada in kuskura wani ya ji, musamman ke. Tun daga nan shirun nata ya fi na da. Makon jiya ta faɗi a kicin, sai da aka yi mata ƙarin ruwa. Likitan ya gaya wa Abba a gabana cewa in aka ci gaba a haka, shi ba shi da abin da zai iya yi.

Na san na saɓa mata da wannan takarda, kuma ni yarinya ce, ban isa in ce al'ada ba ta da kyau ba. Abin da na lura shi ne, da a Kano ne, ko Umma ta yi shiru, ke da kika raine shi za ki yi kukan, su Anti Mahfuza za su yi ta kiran sunansa tana ji, hakan ya rage mata. A nan babu mai yi mata. Abba ba ya ambaton sunansa, ni ma na kasa ambata a gabanta. Maganarki ce ta ɗaure ta, kuma maganar kowa ba za ta kwance ta ba sai taki. Ina roƙon ki, ki kira ta da hantsi, lokacin da Abba yake ofis ni kuma ina makaranta. Kada ki tambaye ta jiki, za ta ce da sauƙi. Ki ambaci sunansa, ki ce ita ma ta ambata, ki gaya mata ba abin kunya ba ne. In ta yi kuka, don Allah kada ki ce ta yi haƙuri, ki bar ta ta yi. Na rasa yayana, Hajiya, kuma ina kallon uwata tana tafiya a hankali.

Ki gaishe mini da Kawu Sanda da iyalinsa, da Anti Mahfuza, da Halima Sa'adiya, ki ce mata ban manta da ita ba. Allah ya bar mana ke.

Jikarki mai jiran kiranki,
Nana Firdausi, ƙanwar Hafiz.