Dambun Da Ya Tsayar Da Lamine

Zuwa ga Yayata Aissa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Alhaji da yara da duk mutanen gida a Maraɗi. Allah Ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafa. Mu ma nan Greensboro ta Amurka lafiya lau. Maigidana Moutari na fama da tuƙin babbar motarsa, 'yarmu Oumaima ta shiga jami'a, sai dai har yau in na yi mata Hausa da Turanci take mayar mini. Na sha ɗaukar waya in kira ki sai in ajiye, don abin da ke raina ya fi ƙarfin bakina, shi ya sa na zauna rubutu.

Maganar Lamine ce, ɗan maƙwabciyarki Hajiya Zahara, wanda kika ba ni amanarsa, kika ce in kula da shi kar ya rame. To na kula, har na wuce gona da iri. Ƙungiyarsu ta tseren keke ƙarama ce, sai ta raba 'yan wasanta a gidajen mutanen gari, mu kuma muka roƙa aka ba mu shi. Tseren na kwanaki ne, kowace rana da zangonta, kuma zangon farko daga tsakiyar gari ya tashi, ya biyo ta unguwarmu Pleasant Garden, ya koma. Dokarsu ita ce duk wanda ya iso bayan lokacin da aka yanka, an cire shi daga sauran kwanakin. Tun saukarsa ya gaya mana da wannan tseren za a duba ko a ci gaba da shi baɗi ko a sallame shi.

Yaya, da kin ga abin da yake ci! Farar shinkafa, ba mai ba yaji, sai ya aza ta a ɗan sikeli kamar mai sayar da zinariya. A gidana fa, ni Fassouma, da duk 'yan Nijar na garin nan ke rububin dambuna ranar salla. Da safiyar tseren na tashi na yi dambun zogale, ya ji ƙuli da mai da yaji, na dama fura da nono. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce in yi haƙuri sai ya dawo ya ci. Moutari ma ya ce in ƙyale shi, sun san aikinsu, na ce masa shi da rabonsa da keke tun yana kai niƙa. Na juya ga Lamine na ce ba a fita aikin ƙarfi ciki ba komai, in ya ƙi ci to raina ni ya yi, kuma sai uwarsa ta ji. Ya sunkuyar da kai ya cinye. Har ƙari na yi masa.

Muka fita bakin hanya, mu 'yan Nijar da 'yan Najeriya, da tuta da riguna masu hotonsa. Turawa sun kafa kujeru a ƙofar gidajensu suna kaɗa ƙararrawar shanu. Sai ga 'yan tseren a dunƙule, fiu, kafin ki gane fuskar mutum sun wuce. Na rangaɗa guɗa har wata tsohuwar Baturiya ta zabura, sai Oumaima ta ja mini mayafi ta ce ba ya cikinsu. Motoci suka wuce, sannan ga shi can shi kaɗai, ya lanƙwashe a kan keken. A gabanmu ya tsaya, ya sauke ƙafa, ya amayar da komai a gefen titi. Da idona na ga ganyen zogale. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Motar da ke kwashe waɗanda suka gaza, wadda suke ce wa tsintsiya, ta tsaya ta buɗe masa ƙofa, ya girgiza kai ya sake hawa. Turawan nan suka miƙe suna tafi suna kiran lambarsa. Ya kai ƙarshe, amma lokaci ya riga ya wuce, aka cire shi.

Kafin magariba bidiyon aman da wani ya ɗauka ya bazu. Masu kallo wasu na yaba juriyarsa, wasu na cewa tun farko bai kai a gayyace shi ba. Amma namu ne suka fi ƙona mini rai. Waɗanda suka sa rigarsa da safe su ne ke rubutu a zaurenmu na waya wai ya kunyata Nijar, wani har da cewa ya koma gida ya yi kabu-kabu. Ina karantawa, na kasa rubuta ko kalma ɗaya. Shi kuwa ashe ya ce wa shugaban ƙungiyarsu ƙafafunsa ne suka ƙi. Da na ji haka na ja Oumaima ta yi mini tafinta, na faɗa wa shugaban gaskiya, cewa dambuna ne ya jawo. Ya saurare ni da mutunci, sannan ya ce Lamine ba yaro ba ne, ɗan tseren da bai san abin da zai sa a bakinsa ba bai shirya wa wannan sana'a ba. Garin neman gira na rasa masa ido. Ta yaya zan fahimtar da Bature cewa ɗan Maraɗi ba ya ce wa uwa a'a?

Washegari ana can ana zango na biyu, shi yana zaune a falona. Na dafa farar shinkafa na ajiye masa, na ɗora sikelinsa a gefe. Ya dube ta ya yi murmushi, ya ce ai yanzu ba tsere, ko akwai sauran dambun. Na shiga kicin na yi kuka.

Har yanzu ba su ce komai a kan baɗi ba, addu'a kawai muke yi. Na san bidiyon ya iso Maraɗi, kuma na san ba zai taɓa gaya wa uwarsa dalili ba. Don Allah, Yaya, ki taka da ƙafarki ki je wurin Hajiya Zahara. Ki ce mata ɗanta bai gaza ba, tarbiyyar da ta ba shi ya bi. Ki faɗa a gaban mutane, kuma ki ambaci sunana, kar ki rufa mini.

Ki gaishe mini da Inna, da Alhaji, da Kawu Abubakar Sadiq, da Kouloussoum da jaririnta. Moutari na gaisuwa, bai ce mini ai na gaya miki ba, Allah Ya saka masa. Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki,
Fassouma