Numfashin Lele

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara gaba ɗaya. Yaya ciwon gwiwar? Ina fata kin daina taurin kan nan naki na taka kujera ki goge fanka da kanki, alhali ga ƙattin samari biyu a gida suna cin abinci a banza. Mu ma nan jiki lafiya. Gwaggo ta warware har ta koma faɗa da maƙwabta a kan igiyar shanya, Kawu kuma ya sami sabon tabarau, yanzu ba wanda ya isa ya wuce ƙofar gidansa bai tsaya ya gaishe shi ba.

Za ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Duk lokacin da kika kira, Lele tana jingine da ni, maganar kuwa tata ce. Yanzu tana makaranta, shi ya sa na ture ɗinkin mutane gefe na zauna a kan teburin keke ina rubuta miki. Yaya, ina cikin wani hali, kuma ban ga mafita a gidan nan ba.

Lele ta shiga shekara tara, har yau a ɗakinmu take kwana. Katifarta tana ƙasa, ta ɓangarena, daidai inda hannuna zai kai. Kin san mafarin abin. Yayanta yana da shekara huɗu muka mayar da shi ƙaramin ɗaki, kowa ya ce lokaci ya yi, shi ma yana ta murna wai ya girma. Ya kwanta lafiya ƙalau, da safe na je tashinsa na tarar rai ya yi halinsa. Likita ya ce ko a ƙirjina yake kwance ba abin da zan iya yi. Kunnena ya ji, amma zuciyata ba ta taɓa yarda ba. Tun da aka haifi Lele ba na iya runtsawa sai na miƙa yatsa ƙarƙashin hancinta na ji ɗumin numfashi, in na farka kuma in sake.

Babanta ya yi haƙuri da ni, wallahi ya yi. Tana da shekara uku ya yi mata gado da hannunsa a shagonsa na kafinta, ɗan ƙarami mai shinge, ya goge shi sumul har ba inda zai karce ta. Na ce a bari ta ƙara wayo. Da ta fi ƙarfin gadon, ya kwance shi ya cire shingen ya ƙara masa tsawo. Na ce a bari ta saba da makaranta. Bara ya sake ƙara masa, ga shi yanzu katako kala uku ne a jikin gado ɗaya, ni kuwa atamfofin masu kawo ɗinki nake jibgewa a kai. Ya tambayi malaminsu, ya tambayi maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya, duk bakinsu ɗaya: yaro in ya fara wayo a raba masa makwanci, namu ma ya wuce lokaci. Ya dawo ya gaya mini a hankali, na yi kuka, ya bar maganar. Daga nan ya koma kwana a falo, yanzu kuma rabin mako a shago yake kwana wai aiki ya yi yawa. Ni da shi mun zama kamar 'yan haya biyu, sai sannu da zuwa, sai a dawo lafiya. Duk wannan na gani, na kuma shanye, ina ce wa kaina ai don yarinyar nake yi.

Makon jiya malamar ajinsu ta aiko in je. Ta ce Lele barci take yi a aji, kullum kanta a kan benci, karatunta ya ja baya. Ta tambaye ni ko muna barinta kallo har dare ya yi nisa. Har na ɗan hasala, na ce 'yata da wuri take kwanciya, ni shaida ce, don ina jin saukar numfashinta tun daga kan gadona.

Da muka dawo gida na zaunar da ita ina tsefe mata kai, na tambaye ta cikin wasa me take yi da dare da barci ba ya isar ta. Can ta ce ai ba barci take yi ba, jirana take. Ta ce wata rana barci ya yi mata nauyi, na taɓa hancinta ban ji komai ba, na jijjige ta ina ihu ina kiran sunan yayanta. Tun ranar take tsoron barci mai nauyi. Sai ta rufe ido ta riƙa jan numfashi da ƙarfi don in ji in samu natsuwa, ba ta saki jiki sai ta tabbata na yi barci, in na motsa kuma ta sake farawa. Na ce to ko za ta koma gadon da Baba ya yi mata? Ta ce tana son gadon sosai, in na tafi kasuwa ma hawa take yi ta miƙe ƙafa, amma bangon ɗakin da gadon yake yana da kauri, ba zan ji ta ba, zan yi kuka. Yaya, matajin faɗuwa ya yi daga hannuna. Ashe duk shekarun nan da nake cewa ina gadin yarinya, ita ce take gadina.

Na gwada, kada ki ce ban gwada ba. Na kwashe atamfofin, na shimfiɗa mata sabon zanin gado, na kai ta da kaina na ja ƙofa. Ban san lokacin da na tsinci kaina zaune a bakin ƙofar ba, kunnena manne da katako. Ita ta buɗe ta same ni a wurin. Ta kama hannuna ta mayar da ni ɗaki, ta kwanta a tsohuwar katifarta ta fara jan numfashin nan nata. Washegari muka sake gwadawa, haka aka yi.

Da babanta ya ji, ya zauna a bakin gadon da ya yi mata yana shafa wurin da ya haɗa katakon. Ya ce muddin ƙafata za ta iya kai ni inda yarinyar take, Lele ba za ta yi barci ba, sai dai a kai ta inda ba zan iya zuwa ba. Ya ce a roƙe ki. Da faɗa ya yi mini da na sami abin riƙewa, amma hawaye ne a idonsa, kuma gaskiya ya faɗa.

Shi ne nake roƙonki, Yaya, ki karɓi Lele ta yi wannan shekarar karatu a wurinki. Ban san yadda zan rayu a ɗakin nan babu ita ba, ban kuma san ko tafiyarta za ta gyara tsakanina da babanta ba, wataƙila na makara. Ban ma san ko zan warke ba. Abin da na sani kawai, yarinyar ta gaji.

Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, ki ba shi haƙurin nauyin da za mu ɗora masa. Ki gaida samarin nan naki malalata, da autarki, ki ce mata ta sami abokiyar hira. Gwaggo da Kawu suna gaishe ku. Baban Lele ma yana gaisuwa, ya ce in tambaye ki ko akwai wuri a ɗakin yaran, yana so ya kwance gadon a tafi mata da shi.

Abu na ƙarshe. Na san halina, zan kira ki cikin dare in ce ki taimaka ki kai wayar kusa da hancinta, sau ɗaya kawai. Zan yi kuka, zan haɗa ki da Allah, zan tuna miki cewa uwarmu ɗaya. Kada ki yarda, Yaya. Ki ce mini tana barci, ki kashe wayar.

Wassalam. Taki har kullum,
ƙanwarki, Maman Lele