Kuloci Naki, Giya Tawa

Ɗanzomo, ranar Asabar

Zuwa ga Uwata Naja'atu,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da ɗaliban da kike koyarwa a Gumel. Ki daina wahalar da kanki da kiran waya. Kin san kunnena ya riga ni yin ritaya, in kin kira sai dai in yi ta "na'am, na'am" ban san abin da nake amsawa ba. Barau direban tasi zai kawo miki wannan takarda, ki ba shi amsa.

Ƙara na kawo miki. Yayanki ya zo daga Maigatari ya ɗauke makullin motata 'Yar Damagaram, wai likita ya ce gwiwata ta hagu ta daina taka kuloci. A madadinta ya ajiye mini wata farar mota otomatik a ƙofar gida. Na shiga don kada a ce na raina kyauta. Uwata, wannan falo ne aka sa wa taya. Ita ke zaɓar wa kanta giya. Ka matso kusa da bango, fitilu su kama ƙyaftawa, Barau ya ce har kuka take yi, ni dai ban ji ba. Na ƙare ƙuruciyata ina jan babbar mota cike da shanu daga bakin iyaka zuwa Kudu, yau kwamfuta ce za ta nuna mini inda bango yake?

Ke kin san 'Yar Damagaram. Ja, ƙofa biyu, ba nauyi, giya biyar ta hannu. Kina goye na saye ta a hannun wani Bature mai haƙar rijiyoyi, wanda ya ce mini don tsere aka ƙera irinta. Sitiyarinta sai ka sa damtse, amma ko tsakuwa ka taka zai gaya maka. Gilashi da hannu ake murzawa. In ta yi tari, ni da sukudireba da kafireta mu gama magana a gindin darbejiya. Kuma tun da kunne ya tafi, ta sandar giya nake jin injinta. In na ɗora tafina, na san lokacin da take son a canja mata. Duk garin nan ita kaɗai ta rage da nake jin maganarta sarai.

Yanzu na ji ƙishin-ƙishin wai sayar da ita zai yi. Ki yi masa magana, yana jin taki. In motar nan ta bar gidan nan raina zai ɓaci ƙwarai, ba na ɓoye miki.

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifinki, Alhaji Ɗantsoho

Maigatari, ranar Litinin

Zuwa ga mahaifina, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa cikin ladabi. Naja'atu ta karanta mini takardarka ta waya.

Baba, ina neman afuwa, amma akwai abin da ka tsallake. Ba ka gaya mata abin da ya faru a Gagarawa Tasha ba, ranar da gwiwar ta riƙe, ka kasa taka kuloci, motar ta yi tsalle ta faɗa cikin tulin kankanar mutane. Allah ya taƙaita, kankana ce ta fashe. Mai kankanar ya ce mini da bai tashi yin sallah ba, da shi ne a wurin. Na ji tsoro, Baba. Bara muka rasa Inna, ba zan zauna jiran a kira ni daga bakin titi ba.

Gaskiya ne na yi magana da wani matashi daga Kano, Zayyad, cikin masu sha'awar irin waɗannan tsofaffin motoci. Ya ce shi da abokansa neman irinta suke ruwa a jallo, don motocin yanzu ba sa barin direba ya yi tuƙi. Zai zo ranar Alhamis ta sama, ranar kasuwa. Na tabbata zai riƙe ta da daraja.

Makullin kuwa ba ya hannuna, don na san in ka dube ni sau biyu zan miƙa maka. Na ba Naja'atu ajiya. Ita otomatik kaɗai ta iya, ko ta so ba za ta iya motsa motar ba, saboda haka hankalina ya kwanta. Rigakafi ya fi magani.

Ɗanka mai biyayya,
Zaharaddini

Gumel, ranar Laraba

Babana na kaina,

Ina gaisuwa, ina kuma yi maka jajen kankana. Ashe haka aka yi, ka rubuto mini shafi guda ba ka ambaci ko ƙwallo ɗaya ba!

Makulli yana cikin jakata. Yaya ya sa na yi alkawarin ba zan ba ka ba, kuma ba zan ba ka ba, ko ka kira ni Uwata sau ɗari. Gwiwar nan ta fi ƙarfin gardama. Sai dai Yaya bai ce kada ni in kunna ta ba, don bai taɓa kawowa a ransa ba.

Su Yaya duk a cikin motar nan ka koya musu tuƙi, ni ina kujerar baya ina miƙa wuya. To, ranar Juma'a in an tashi makaranta ina tafe. Ka sa a duba mai da iskar taya, ka kuma tanadi haƙuri, don ɗalibar taka ba ta da saurin ganewa.

'Yarka,
Naja'atu

Ɗanzomo, ranar Litinin

Zuwa ga Babba Zaharaddini,

Bayan gaisuwa, da fatan kai da iyali da kasuwa lafiya. Maganar kankana gaskiyarka ce, mu bar ta a nan.

Ka ba kura ajiyar nama. Ƙanwarka ta zo, ta sa aka tura motar zuwa filin ƙwallo na bayan gari, ta zauna a kujerata, ni ta nuna mini ta gefe. Da farko abin ba kyan gani. Ta saki kuloci, mota ta yi tsalle ta mutu. Ta sake, ta mutu. Awakin da ke kiwo a filin ma sai da suka ja da baya. Amma kafin la'asar ƙafarta ta gane wurin da kuloci yake kamawa, kuma a hankali take saki, ba irin sakinka na gaggawa ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Matsalar giya ce. Tana neman ta biyu sai ta cusa ta huɗu. Tana neman ta uku sai haƙoran giya su ci juna, ƙarar da ban ji da kunne ba amma na ji ta har cikin haƙorana. Na daure, na daure, na kasa. Na ce, "Cire hannunki daga nan! Ke riƙe sitiyari ki taka, ni in sa."

Ta ce, "Baba, haka ake yi?"

Na ce, "Yau za a fara."

Na ɗora hannun hagu a kan sandar. Injin ya ɗaga, na ji shi a tafina, na ce, "Taka!" Ta taka, na sa ta biyu, ta saki. Babba, ko man shanu bai kai shi santsi ba. Washegari muka hau titi har Sule Tankarkar muka dawo, ba ta mutu ko sau ɗaya ba. Likita kuloci ya hana ni, ka je ka tambaye shi ko ya ambaci giya.

Akwai wani abu kuma. Ban taɓa zama a wannan kujera ba, ta Innarku ce. Da muka sha kwana na kai hannu ga maɗaurin da ke saman ƙofa, sai na ji fatarsa duk ta ƙoƙe, har da sawun farce. Na tambayi Uwata. Ta ce ai Inna tun daga ƙofar gida take damƙe shi tana salati har a isa, kuma ta hana ku gaya mini, wai a cikin motar nan ne kaɗai take ganin duk haƙorana a waje. Na yi dariya har hawaye ya zo, daga baya kuma hawayen ya ƙi tsayawa. Allah ya ji ƙanta.

Ranar Alhamis muna tafe Maigatari. Ka ce wa yaron Kano ya zo ya gan ta, gani ba ya hana komai. Amma hukunci na bar maka, tunda tsoron da ka ji don ni ka ji shi.

Mahaifinka

Maigatari, ranar Juma'a

Zuwa ga mahaifina, Allah ya ja kwana.

Assalamu alaikum. Jiya mutane sun yi yawa ban samu na yi magana ba, ga shi ko na yi sai na ɗaga murya a gaban jama'a.

Ina tsaye bakin kara, kasuwar shanu, na hango ku, Naja'atu a sitiyari, kai kana ta "Taka!" har dillalan shanu suna juyowa. Rabona da ganin ka kana dariya haka tun Inna tana da rai. Na sallami Zayyad. Bai ji haushi ba, roƙonsa ɗaya a bar shi ya riƙa zuwa Ɗanzomo kana nuna masa gyaran kafireta.

Sharaɗina biyu ne. Makulli ya zauna a jakar Naja'atu. Sannan kada a wuce giya ta uku.

Ɗanka,
Zaharaddini

Ɗanzomo, ranar Asabar

Yaya,

Ina gaisuwa. A bayan takardarka nake rubutu, Barau yana jira.

Baba ya karanta har zuwa sharaɗi na farko, ya ce ya yarda. Da ya zo na biyu sai ya ce tabaransa ya yi hazo. Na karanta masa da ƙarfi, ya ce kunnensa ba ya ji.

Kada ka damu. Giya tana hannunsa, amma totur da birki suna ƙarƙashin ƙafata. Kuma na lura, in mun zo kwana, ɗaya hannun nasa yana kan maɗaurin Inna.

Ƙanwarka,
Naja'atu