Kwanan Watan Kabarin Halliru

Abuja, 4 ga Maris

Baffa Hadi,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan duk mutanen Karaye suna lafiya.

Jiya na je maƙabartar sojoji. Wani kofur ya raka ni layin waɗanda aka kashe a Saliyo, na sami kabarin Baba: Halliru Sulle, 9 ga Fabrairu 1998. Na yi masa addu'a.

Baffa, wasiƙar da Inna take ɓoyewa a akwati, wadda Baba ya ce ya janye sakin da ya yi mata kafin tafiyarsa, ranar 2 ga Maris 1998 aka rubuta ta. Mamaci ba ya rubutu. Kai ka kai mata ita Rogo. Wa ya rubuta?

Ɗanka,
Sadiƙ

Karaye, 11 ga Maris

Sadiƙ,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya.

Ni na rubuta. A tashar Karaye, yana shirin shiga mota, Halliru ya riƙe hannuna ya ce, "Yaya, ka gaya wa Lantana na mayar da ita." Na yi ta jinkiri har labarin rasuwarsa ya iso. Ba ni da shaida, ga 'yan'uwanmu suna cewa sakakkiya ba ta takaba, har ta bar gidan ta koma Rogo, kai kuma kana goye. Na ɗauki biro.

Allah Ya san ban ƙara masa kalma ba. Kada ka gaya mata.

Baffanka,
Hadi

Abuja, 15 ga Maris

Baffa,

Barka da war haka. Wasiƙarka ta makara. Tun daga bakin kabarin na tura wa Nusaiba, ƙanwar Inna, hoton dutsen da ke kansa, ta kuma nuna mata. Kwana uku ke nan Inna ba ta ɗaga wayata ba.

Sadiƙ

Rogo, 20 ga Maris

Sadiƙu,

Sallama da gaisuwa. Nusaiba ce ke rubuta mini.

Na ga hoton. Mahaifinka da ajami kaɗai yake rubutu, takardar nan kuwa da boko ta zo. Tun ranar na gane, amma ban tambaya ba, don ina tsoron amsar.

Yanzu ina so in ji ko da gaske ya mayar da ni. Ka ce wa Baffanka ya zo Rogo ran Juma'a, ya faɗa mini da bakinsa, yana kallon idona.

Allah Ya yi maka albarka.

Innarka,
Lantana