Turjiyar Dutsen Guga

Zuwa ga 'yata Injiniya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan kalau, sai gwiwar mamanki.

Shari'a na kawo miki. Kin san dutsen gugana mai mariƙin katako, wanda maigidana da ya koya mini guga ya ba ni ranar da na buɗe shagon kaina. Shi ya goge kayan makarantarki tun aji ɗaya. To, kwanan nan da na jona shi sai fis ɗin wutar gida ya yanke. Mamanki ta kira mijin yayarki, mai gyaran wuta. Ya maƙala mitarsa, ya ce wutar gida bolt ɗari biyu da ashirin ce, dutsen kuma yana zuƙar amfiya ashirin. Ya raba bolt ɗin da amfiyar, wai turjiyarsa om goma sha ɗaya, alhali da arba'in da huɗu aka ƙera shi. Ya ninka, wai ƙarfinsa wat dubu huɗu da ɗari huɗu, a jikinsa kuwa dubu da ɗari aka rubuta. Wai a jefar.

Ban yi boko ba, amma na san dubu huɗu ta fi dubu ɗaya. Abu ya tsufa, ƙarfinsa ya ninka huɗu, sai a jefar? Kuma yaushe raguwar turjiya ta zama laifi? Shekara hamsin mamanki tana roƙon tawa ta ragu.

Rubuto ki gaya masa.

Babanki,
Mai Guga

Zuwa ga 'yata,

Ina gaishe ki, ina gaida jikokina. Yaya tarin ƙaramar?

Takardarki ta iso. Ashe bakinku ɗaya. Wai in turjiya ta ragu wuta ke kwarara, wayar bango ta ɗau zafi. Na gode, na ajiye.

Ranar Talata da hantsi na cire fis na sa ƙusa, yadda muke yi a da. Na shimfiɗa zanen mamanki mai furanni don in ba ta mamaki. Dutsen ya yi zafi kafin in gyara tsayuwa, har na ji daɗi. Sai ƙauri. Soket ya narke kamar kitse, bango ya yi baƙi. Da na ɗaga dutsen, ta cikin zanen na hango tebur.

Mamanki ba ta yi faɗa ba, wannan ya fi tsorata ni. Ta kulle dutsen a akwatinta. Ta ce ba zai fito ba sai mijin yayarki ya sake masa wayar ciki, ni kuma na yi lissafin da bakina a gabansa.

Jiya aka yi. Ya gyara, mita ta nuna amfiya biyar. Na zube maɓallai ɗari biyu da ashirin daga gwangwanin shago, na kasa biyar. Kowane kashi arba'in da huɗu. Sau uku na sake, ko zai canza. Yaron nan yana ta kallon rufi don kada ya yi dariya, Allah ya yi masa albarka.

Dutsen ya dawo tebur. Zafinsa kamar na shekarar da aka haife ki, ban ankara ya canza ba sai yanzu. Ban ce sun yi gaskiya ba, na dai ce dutsen ya huce.

Mamanki na gaishe ki. Ni har yau ba ta gaishe ni ba. Ki nemo zane mai furanni ruwan ɗorawa, ki aiko da sunana.

Babanki mai ƙaunarki,
Mai Guga