Ranar Shanya Littafin Zuri'a

Zuwa ga 'yata Yunzhi,

Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, ke da mijinki da aikin jami'a. Ni dai gwiwar nan ce. Fang mai kantin magani ne ke rubuta mini, na kuma hana shi gyara maganata.

Wata biyar ke nan da kika ɗauki littafin zuri'armu, kika ce mako biyu. Shida ga watan shida ya matso, ranar da muke shanya shi a rana duk shekara a gaban dangi don kada danshi ya ɓata shi. Baffanki Deshun ya tare ni a kasuwa, wai, "Genfa, ko ka sayar wa Turawa kakanninmu ne?" Ya rantse in babu littafi ran nan, za a karɓe riƙonsa daga hannuna. Ni da na binne shi shekara goma ƙarƙashin kwamin aladu lokacin da ake ƙona littattafai.

Fang ya nuna mini hoton taronku na Faris a wayarsa, inda kika yi jawabi a kan littafinmu. Na ƙirga: mutum tara, ɗaya yana gyangyaɗi. An ce minti goma sha biyar suka ba ki, da yarensu kuma. Tarihin shekara ɗari huɗu fa. Wato sai sun gyaɗa kai kafin abinmu ya zama ilimi?

Ki dawo mini da shi.

Mahaifinki,
Bao Genfa

Yunzhi,

Ina gaishe ki, ya gajiya? Littafi ya iso ana gobe shanya, a hannun direba. Ke ba ki zo ba, na lura.

Wancan littafin naki da kika haɗo da shi, mai rubutun Turawa, Fang ya ce sunana ne a shafin farko. Ban gane shi ba, don haka ban gode ba.

Da aka shanya namu, na ce a rubuta sunanki ƙarƙashin nawa. Deshun ya ce ba a taɓa sa mace ba. Na tambaye shi cikin 'ya'yansa maza uku wa ya taɓa karanta shafi guda. Sannan na zauna a kan akwatin littafin na ƙi tashi, ga hadari ya haɗo, babu inda za a mayar da shi. Dole suka kawo alƙalami.

Ba don mutum taran nan na yi ba. Shekara sittin ina riƙe da shi, ban san abin da ke ciki ba. Baɗi ki zo da ƙafarki ki karanta mana, da yarenmu, a tsakar gida. Mu nan ba ma duba agogo, sai kin kai ƙarshe.

Ki gaida mijinki.

Mahaifinki,
Bao Genfa