Damin da Baba ya mayar

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana, sunayen da zan ambata ma duk na canza su, domin yankinmu in ka yi tari a Mayahi to a Tasawa za a yi maka sannu. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku daure ku kai ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci.

Ni lauya ne, ko in ce na taɓa zama lauya, a nan ma matsalar take. Ɗan wani gari ne ni tsakanin Mayahi da Tasawa, na yi karatu, na yi rantsuwa, aka sa sunana a jerin lauyoyi wanda muke ce wa tablo, na yi shekaru ina aiki a Yamai. Wanda sunansa ba ya cikin jerin nan ba shi da ikon sa baƙar riga ya tsaya wa kowa gaban alƙali, ko da ya haddace doka kamar Fatiha. Da ciwon ƙafa ya kwantar da mahaifina, ni ne babban ɗa, sai na nemi a cire sunana na ɗan lokaci na dawo gida jinya. Ba korata aka yi ba, ni na nema, duk da har gobe akwai tsofaffin garinmu da suka yi imani wani abu na ci aka kama ni. Zama ya yi tsawo, baki kuma ba ya jiran a warke, na shiga sayen riɗi da wake, alhali ƙa'idar aikinmu ba ta yarda lauya ya haɗa da fatauci ba, shi ya sa ban koma ba. Har yau dai Metir ake kirana, laƙabin da ake yi wa lauya a ƙasarmu, ina tsugune ina awon wake da tiya ana ta Metir Metir, wata rana in yi dariya, wata rana in yi kamar ban ji ba. Ba zan ɓoye muku ba, ina kewar aikina ƙwarai.

Akwai wata gona arewa da garinmu. Kakan mahaifina ne, tun kafin Nasara su shigo ƙasar nan, ya ba wani Buzu aronta, mutumin ya gangaro daga arewa da iyalinsa da 'yan awakinsa ba shi da wurin zama. Sharaɗi ɗaya aka yi, duk kaka su kawo damin gero ɗaya ƙofar gidanmu. Wanda bai tashi a karkara ba zai ce dami ɗaya me zai yi wa mutum, to ba don ci ba ne, shi ne shaidar cewa gonar ta aro ce. Muddin dami yana zuwa, kowa ya san mai gona ya san mai aro. Haka aka yi ta yi, uba ya mutu ɗa ya kawo, har zuri'arsu ta yi yawa, suka gina rijiya, suka kafa ɗakuna, maƙabartarsu ma a gefen gonar take. Babbansu yanzu wani tsoho ne, bari in kira shi Agali, abokin mahaifina tun suna yara suna kiwo tare.

Kakar ƙarshe da Baba ya gani a duniya, da hantsi ina wanke masa ƙafa a zaure, sai ga Agali da dami a kan jaki. Mu uku ne kawai. Ku sani ƙafa ce ta kwantar da Baba ba kai ba, hankalinsa garau, ranar ma sai da ya gama yi mini faɗan na cika zuba gishiri a ruwan. Ya dubi damin ya daɗe, sannan ya ce, "Agali, ɗauki daminka ka tahi da shi. Kakanku anka ba aro, ku kau kun biya har kun gaji. Daga yau gonag ga taku ce, kar in ƙara ganin dami ƙohwar gidan nan." Ya juyo ya ce mini, "Kai kuma ka ji." Na ce na ji. Da Agali ya tafi na ce wa Baba ya kamata a rubuta maganar nan a sa hannu, sai ya hau ni da faɗa, wai tsakaninsa da Agali takarda zagi ce, boko ya ɓata ni. Haka aka bar maganar ba a rubuta ba.

Bayan rasuwarsa kaka ta zagayo, dami bai zo ba. Ƙanen mahaifina, Baba Nomau, wanda yanzu shi ne babba a gida, ya ce Buzaye sun ƙi kawo dami, ke nan sun yi musun aro, to su tashi. Kada in zalunce shi, yana da nasa dalili, 'ya'ya sun yi yawa, gonakinmu sun gaji, an rarraba su har wani rabon ba ya ciyar da gida wata uku. Na same shi shi kaɗai na faɗa masa abin da na ji da kunnena. Ya ce gonar gado ce ta gida duka, mutum ɗaya ba ya kyautar da ita ko da shi ne babba, balle yana kwance, in haɗiye maganar kada ya ƙara jin ta. Maganarsa a shari'a tana da ƙafa, ni na san haka, ba don haka ba da ban damu ba. Aka je wurin maigari ba a daidaita ba, aka je wurin sarki ba a daidaita ba, yanzu magana tana kotu, wadda muke ce wa jastis.

Kwatsam sai Baba Nomau ya sauya mini. Mutumin da bai taɓa kirana komai ba sai "ɗan lakkwal", wato ɗan boko, ya koma Metir kaza Metir kaza, ya tara dangi ya ce an sha wahala kafin a ga ƙarshen karatuna, yau ranar da gida zai ci moriya ta zo, in je a mayar da sunana tablo in tsaya wa gidanmu. Ya ce kada in damu da shagona na riɗi da wake, ɗansa zai riƙe, mahaifiyata da ƙannena kuma suna wuyansa. Jama'a, na ji daɗi, daɗi irin na rashin kunya. Na ce wa kaina ai in na shiga ciki zan fi iya lallaɓa su a yi sulhu. Na je Yamai na ga tsofaffin abokan aiki, suka ce ba wata matsala muddin na bar fatauci na cika sharuɗɗa, na haɗa dosiye tsaf, wato takardun neman komawa. Har rigar na ciro daga akwati na gwada, ta kama ni a ciki, matata tana ta dariya wai wake ne ya rama awon da nake yi masa.

Sai dai wani abu ya yi ta sukata, na yi shekaru ban tsaya gaban alƙali ba, na yi tsatsa, kuma mutum ya tsaya wa danginsa ba abin so ba ne a aikinmu. Na ce wa Baba Nomau ina da aboki a Maraɗi wanda shari'ar gona ita ce abincinsa, ya fi ni nesa, me zai hana a ɗauke shi. Yana gyaran igiyar rijiya ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Abokin naka ba shi cikin zaure ran da anka maida wa Agali dami. Kai kana ciki." Na ce ban gane ba. Ya ce, "Na tambaya can jastis, an ce mini wanda ya tsaya maka ga shari'a ba shi juyawa shi zama shaida cikinta. Ba gwanintarka nika so ba, bakinka nika so shi zamna wuri guda."

Wallahi sai a lokacin na gane. Mutumin da ko ƙofar lakkwal bai taɓa takawa ba ya karanta ƙa'idar aikina ya ɗaure ni da ita, ni kuma ina can ina gwada riga. Raina ya ɓaci, na faɗa masa maganganu da bai kamata ɗa ya faɗa wa uba ba, shi ma ya ce in har na tsaya gaban alƙali na ba da shaida a kan gidanmu, kada in zo jana'izarsa, kuma a ranar za a raba gandu kowa ya kama gabansa. Mahaifiyata kuka kawai take yi, ta ce ita ba ta san gona ba ta san zumunci, kada in zama sanadin da 'ya'yanta za su daina gaisawa da 'yan uwansu. Ƙannena ma da yawa suna bayansa, domin kowa ya riga ya auna inda rabonsa zai faɗa.

Na san wasu za su ce ai sai ka koma tablo ka ƙi karɓar shari'ar. Matata ma haka ta ce. To in na koma dole in saki shago in koma birni, kuma abin da ya sa hakan zai yiwu shi ne alƙawarin Baba Nomau na riƙe gida. In na juya masa baya babu wanda zan bar wa tsohuwa da yara. A taƙaice rigar nan ta hannunsa kawai za ta dawo jikina, shekaruna kuma sun ja, in wannan dama ta wuce ban ga wata ba.

Abin da ya sa na kasa haƙuri na rubuto muku, ran kasuwar Mayahi da ta wuce na yi kiciɓis da Agali wajen masu gishiri. Na so in kauce, ya riga ya gan ni. Ya gaishe ni kamar ba komai, ya tambayi tsohuwa, ni ne ma na kasa daurewa na ce na ji ɗansa yana so a ba da sunana a kira ni shaida. Ya ce e, amma ya hana. Ya ce, "Kai ɗan abokina ne, ba ni sa ka tsakanin iyayenka. In ka tuna, ka san hanyar jastis. In kau ba ka tuna ba, ni ma sai in ce tsuhwa ta sa ni jin abin da ba a hwaɗi ba." Ya ɗauki gishirinsa ya wuce.

Ke nan ba wanda zai tilasta ni, ba sammaci, ba rantsuwa, in na yi shiru ba mai kama ni. Kuma ni da na san aikin na san in ban yi magana ba maganar tsoho ce ita kaɗai, za su faɗi, za a tashe su daga inda iyayensu ke kwance. In na yi magana ma ba ni da tabbas za su ci, amma gidanmu ya rabu, aikina ya tafi. Zaman kotu bayan girbi ne, gero kuwa ya riga ya nuna, dosiye yana hannuna ban miƙa ba.

Jama'a in miƙa in koma aikina in tsaya wa dangina, ko in bar sunana a waje in je in faɗi abin da na ji? Akwai lauyoyi da malamai a zauren nan, ku faɗa mini gaskiya ko da ɗaci. Mu uku muke wurin da aka yi maganar, ɗaya yana kabari, ɗaya ya yarda a kira shi maƙaryaci da furfurarsa don ya rufa mini asiri. Saura ni. Ku taimaka mini, me zan yi?